Lauya da Sauye-sauyen Aikin Kotu: Darasi Daga Kongolam



Abin da nake so in yi magana a kai yau shi ne wajibcin da ke kan lauya na bin diddigin canje-canjen da ake yi wa dokoki da tsarin kotuna. Don maganar ta fito fili, zan kafa misali da Kongolam, garin nan na bakin iyaka da ke Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa a ƙasar Daura, kan hanyar Matamaye da Damagaram.

Da farko ya kamata mu tuna cewa shigar lauya kotun alƙali ba daɗaɗɗen abu ba ne. A zamanin En'e doka ta hana shi tsayawa a can. Dokar Kotunan Yanki ta 1967, wadda ta fara aiki a 1968, ta karɓe kotuna daga hannun En'e, ta soke kotunan sarakuna, amma ta bar wannan hani yadda yake. Sai da Tsarin Mulki na 1979 ya zo, sannan manyan kotuna suka yanke cewa wanda ake tuhuma yana da haƙƙin ɗaukar lauyan da ya ga dama. A 1987 aka cire Jihar Katsina daga ta Kaduna, a shekara ta 2000 kuma kotunan shari'a suka maye gurbin kotunan yanki. Wato cikin shekara talatin da 'yan kai, ɗakin shari'a ya sake suna da shugabanci har sau biyu.

To, mu ƙaddara wani ɗan kasuwa ya taso daga Kongolam ya sami lauya a Daura da matsala uku: 'yan'uwansa sun hana shi rabonsa na gonar gado, jami'an kwastan sun kama masa kaya, sannan wani abokin cinikinsa na Matamaye ya ƙi biyansa bashi. A wurinsa damuwa ɗaya ce. A wurin lauya kuwa ƙofa uku ce, kowace da mabuɗinta.

Maganar gado kotun shari'a za ta, kuma a can fiƙihun Malikiyya ake bi, irin wanda ke cikin Muhtasar da Tuhfa. Lauyan da bai san a kan wa hujja take ba, da wanda rantsuwa ta hau kansa, ba zai amfani mai ƙara da kome ba. Haka nan dole ya lura ko alƙali ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai faɗa kansa ko yana da sauran magana. Sau da yawa kotunan sama sun rushe hukunci saboda rashin wannan kaɗai. In an zo ɗaukaka ƙara, sai ya yi hattara. Sashi na 277 na Tsarin Mulki na 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran aure, da gado, da wasiyya, da waƙafi, da kyauta, da riƙon yara. Idan rigimar gonar ta juye ta zama ta ciniki zalla, Babbar Kotun Jiha ce ke da iko. Wanda ya ɓata hanya a nan, ko da ya yi shekara biyar yana cin nasara, rana ɗaya za a share kome, a ce ya koma farko.

Maganar kwastan ta Babbar Kotun Tarayya ce ita kaɗai, bisa ga sashi na 251. Nan ma akwai sabon abu, don tsohuwar dokar kwastan da aka gada tun kafin mulkin kai an soke ta a 2023, an kafa wata. Sannan dole lauya ya san ranar da aka kama kayan, saboda an rufe iyaka a Agusta 2019, aka fara buɗe wasu mashigai a Disamba 2020, an sake rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ba ta buɗe ɓangarenta ba sai Maris 2024.

Maganar bashi ita ta fi wuya. Mai bin bashi da wanda ake bi duk Hausawa ne, watakila ma dangi, amma sammacin Daura ba ya ƙetare iyaka da ƙarfin kansa. Kotunan Nijar tsarin Faransa suka gada, kuma a harkar ciniki suna bin dokokin bai ɗaya na yarjejeniyar OHADA ta 1993, wadda babbar kotunta ke Abijan. Lauya mai gaskiya zai gaya wa mutuminsa ya nemi takwaransa na can, ko kuwa a nemi sulhu ta hannun dattawan kasuwa, wanda ya fi sauri da arha.

Akwai kuma ƙananan ƙa'idoji masu kayar da babbar shari'a. A 2007 Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar ƙarar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, maimakon sunan lauyan kansa, ɓatacciya ce. Dokar Shaida ta 2011, a sashi na 84, ta yarda da shaidar da ta fito daga kwamfuta ko wayar hannu, kamar saƙon WhatsApp da rasiɗin tura kuɗi, amma a Babbar Kotu sai an cika sharuɗɗan tabbatar da ingancin na'urar. Yawancin cinikin bakin iyaka yanzu ta waya ake ƙulla shi, saboda haka wannan sashi ya zama abin aikin yau da kullum.

A ƙarshe, ina jan hankalin ɗalibanmu masu shirin sa baƙar riga. Takardar da za ku karɓa a Makarantar Lauyoyi shaida ce ta abin da kuka sani a ranar da kuka fita. Daga nan sai karatun gazet, da rahotannin hukunce-hukunce, da umarnin da Babban Joji kan fitar. In lauya ya yi sakaci, shi dai ya riga ya karɓi ladansa; mai gona ne zai kwana da asara, alhali amana ya ba shi.

Allah Ya sa mu dace.