Haruffan Ɗab'i Masu Kama da Rubutun Hannu da Matsalar Ƙugiya a Hausar Boko

Wannan maƙala ta duba wani rukuni na haruffan ɗab'i waɗanda aka zana su don su kwaikwayi tafiyar alƙalami a hannun gwani. Ba a buga littafi sukutum da irinsu, domin suna gajiyar da ido. Muhallinsu shi ne bangon littafi da takardar shaidar digiri da katin gayyata da allon shago, wato inda kalmomi kaɗan ne, ana kuma son su ɗauki hankali.

Yawancin waɗannan haruffa daga hannun wani mutum sananne suka fito. Snell Roundhand, wanda Matthew Carter ya zana a shekarun 1960, ya samo asali ne daga rubutun Charles Snell, wani malamin koyar da rubutu a Ingila. Zapfino kuwa, wanda kamfanin Linotype ya fitar a 1998, Hermann Zapf na Jamus ya gina shi a kan wasu haruffa da ya rubuta da hannunsa tun 1944. Sirrin kyansu yana ga haɗi: wutsiyar kowane harafi tana kama kan na gabansa, sannan a ba harafi ɗaya siffofi da dama don kada maimaici ya tona cewa na'ura ce ta rubuta.

A nan ne Hausa take cin karo da matsala. Tun shekarun 1930 boko ya dogara ga ƙugiya wajen bambanta ɓ da b, ɗ da d, ƙ da k. Ita wannan ƙugiya a saman harafi take zaune, daidai inda mai zanen ado yake murɗa kan b da d da k don ƙawa. Ke nan abin da Bature ya ɗauka kwalliya, ga Bahaushe ma'ana ce. Ga shi kuma da yawa daga cikin haruffan adon ba su da masu ƙugiya sam, ko da yake tsarin Unicode ya tanadar musu gurbi. Idan mai ɗab'i ya danna ƙ, sai kwamfuta ta aro shi daga wani zubi, ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar kalma, haɗin ya tsinke. Mafi yawa sai su zubar da ƙugiyar su huta. Ta haka ne “manyan baƙi” suke komawa “manyan baki” a katin biki, “ƙafa” ta zama “kafa”.

Abin lura shi ne, Zapf ɗin nan shi ne ya kammala zanen haruffan Pan-Nigerian a shekarun 1980, masu ɗauke da ƙugiyoyin Hausa da ɗige-ɗigen Yarabanci da Ibo. Sai dai an yi su ne don karatu na yau da kullum, ba don ado ba.

Ajami ya ɗan fi sa'a. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da Alkalami, zubin da aka kwaikwayo daga rubutun Kano mai kauri, irin na allo da littattafan kasuwa. Dalili a fili yake: an fara ne daga hannun marubutan harshen, ba a ɗauko na wasu aka yi masa ƙari ba.