Mene ne katse kwangila kafin wa'adi?

Maganar ta yawaita a bakin matasa masu aikin kansu ta intanet, kamar masu zane da fassara da haɗa manhaja. Katse kwangila shi ne ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu ya janye tun ba a gama aikin da aka yi alkawari ba.

Yadda ake yinsa ya dogara da takardar yarjejeniya. Galibi akwai sashen da ya fayyace kwanakin sanarwa, sau da yawa 14 ko 30, da abin da za a biya kan aikin da aka riga aka yi. A Upwork, dandalin samun aiki ta intanet, idan an tsaida farashi, kamfanin ne ke riƙe kuɗin kowane zangon aiki har sai wanda ya ba da aikin ya gamsu. In aka rabu a tsakiya, yana iya rubuta sharhi a kanka, kuma masu neman wanda za su ba aiki za su karanta.

Abin ya fi shafar mai yin aikin, domin Dokar Ƙwadago ta Najeriya ma'aikacin albashi ta fi karewa. A ganina, idan ana ta ƙara maka aiki ba ƙarin kuɗi, ko biya na jinkiri wata bayan wata, ka ba da sanarwa a rubuce, ka miƙa duk abin da aka biya ka a kansa kafin ka tafi.