Daga Free Fire Zuwa Filin Harbi: Wace Fistol Za Ka Iya Riƙewa a Najeriya?

A shagon cajin waya a Kazaure ko majalisar samari a Roni, musun 'yan Free Fire ba ya ƙarewa: G18 ko Desert Eagle? Wasu har tambaya suke wacce za su saya don harbin nishaɗi, irin wanda suke gani a YouTube.

A filayen harbi na Amurka, mai koyo kan fara da fistol mai ƙaramin harsashi na .22, domin ba ta girgiza hannu sosai, harsashinta kuma yana da araha. Daga baya ya koma irin Glock 17 ta Ostiriya, mai cin harsashi 17. Duk jan kunama ɗaya harsashi ɗaya take fitarwa, ƙarfin harbin ne ke ɗora na gaba. Desert Eagle kuwa nauyinta ya kusa kilo 2, ni dai a gem kawai nake ganin daɗinta.

Amma nan Najeriya ce. Dokar bindigogi ta 1959 ta saka fistol cikin haramtattun makamai. Lasisinta sai daga Shugaban Ƙasa, wanda aka kama da ita babu lasisi kuwa ɗaurinsa ba ya gaza shekara 10. Ko fistol ɗin iska ta gasar Olamfik, wadda Yusuf Dikeç na Turkiyya ya yi suna da ita a 2024, sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda.

Saboda haka idan wani a Facebook ya ce zai shigo maka da ita ta iyakar Babura, ko dai ya cinye kuɗinka ko ya ja maka gidan yari. Toshe shi kawai.