Zaɓen Littafin Koyon Zanen Yanka ga Telan Bakin Iyaka

Mai koyon ɗinki a Riko, kamar takwaransa na sauran garuruwan ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina, yakan fara ne daga guga da sa maɓalli da kalmasa, sannan a bar shi ya hau keke, kuma sai ya daɗe a shago kafin maigidansa ya yarda ya miƙa masa almakashi, domin ɗinkin da ya karkace ana iya farke shi a sake, amma yadin da aka yanka ba daidai ba sai dai a ba mai shi haƙuri. Yankan da ake koya masa kuwa kai tsaye ake yin sa a jikin yadi, wato a ninka shi, a raba awon ƙirji gida huɗu, a ja layi da alli, a bi da almakashi. Makarantun koyon sana'a da kwalejojin kimiyya da fasaha suna koyar da wata hanyar, wadda a cikinta ake fara zana kowane sashe na tufa a kan takarda bisa lissafin awon jiki, a yanke takardar, a shimfiɗa ta a kan yadi a bi gefenta. Wannan shi ne zanen yanka, wanda ɗaliban makarantun suke kira fatan, kuma da yake ilimi ne na lissafi da layuka, ya fi zama a littafi fiye da a baka. Rubuta shi ma ba sabon abu ba ne, tun da wani tela mai suna Juan de Alcega ya buga littafin yanka a birnin Madrid tun a shekarar 1580.

Matsalar da ke gaban mai neman irin wannan littafi ita ce, fitattun littattafan fannin an rubuta su ne a Ingila da Amurka da Faransa da Jafan, domin tufafin mutanen can, alhali shi masu kawo masa ɗinki kaftani da jamfa da babbar riga da hijabi da riga da zani suke so. Saboda haka tambayar farko da ta dace ba ta shafi sunan marubuci ko kaurin littafi ba, ta shafi irin ɗinkin da ake kawowa shagon ne.

Tufafi ta fuskar yanka iri biyu ne. Akwai waɗanda ake haɗawa daga miƙaƙƙun ƙyallaye, su rataya daga kafaɗa ba tare da sun bi lanƙwasar jiki ba, kuma babbar riga ita ce uwarsu. Asalinta daga saƙar hannu ne, inda masaƙi ke fitar da siririn sawaye ko saƙi, a jera ƙwarya-ƙwarya a ɗinke, a sa cuna a gefe domin ƙasan rigar ya buɗe, ta yadda kusan babu abin da ake zubarwa. Dorothy Burnham, wadda ta yi aiki a gidan tarihi na Royal Ontario da ke Toronto a Kanada, ta nuna a ɗan littafinta Cut My Cote na 1973 cewa a al'ummomi da yawa faɗin abin da masaƙa ke fitarwa shi ne ke tsara yankan tufa, kuma duk wanda ya juya tsohuwar rigar saƙi ya ƙirga ƙwaryarta zai ga gaskiyar maganar. David Heathcote ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a kan aikin surfanin tufafin Hausawa a 1979, Colleen Kriger kuma ta yi bayanin rigunan daular Sakkwato a littafinta Cloth in West African History na 2006. Waɗannan ayyuka ne na tarihi, suna ƙara wa tela sanin asalin abin da ke hannunsa, amma ba za su koya masa inda zai sa almakashi ba. Yankan babbar riga har yanzu a wurin maigida ake ɗaukar sa, kuma wanda ya kashe kuɗinsa yana neman sa a littafin Turawa ya yi asara.

Iri na biyu su ne tufafin da ke bin surar jiki, irin su riga da siket na atamfa ko leshi, da doguwar riga mai kama ƙugu, da wando mai zif, da kwat, da kayan makaranta masu kwala. A nan ne littafi ke da amfani na gaske, domin yadi shimfiɗaɗɗe ne, jikin mutum kuwa yana da tudu da kwari. Idan awon ɗuwawun mace inci 40 ne, ƙugunta kuma inci 30, to akwai rarar inci 10 da dole a san yadda za a yi da ita, a rage wani sashe a ɗinkin gefe, a cinye sauran a dat, wato ɗan ninkin nan mai tsini da ake ɗinkewa daga ciki domin yadi ya kwanta. Littafi mai kyau zai faɗi nawa za a ba gaba, nawa za a ba baya, ya kuma faɗi dalili. Zai kuma fara da uwar taswira, wato zanen asali marar ado wanda ya dace da jikin mutum ɗaya, wanda daga gare shi ake fitar da kowane salo ta hanyar tsaga takarda, a buɗa nan, a rufe can. Littafin da ya cika da hotunan kyawawan riguna amma bai koyar da uwar taswira ba, kundin zaɓen salo ne irin wanda ake ajiye wa masu kawo ɗinki, ba littafin koyo ba.

Littattafai biyu ne suka fi yawo a hannun malamai da ɗalibai masu karatu da Turanci. Na farko shi ne Metric Pattern Cutting na Winifred Aldrich, 'yar Ingila, wanda ya fara fitowa a tsakiyar shekarun 1970, daga baya ta fitar da na tufafin maza da na yara daban. Bayaninsa gajere ne, ana bin sa daga lamba zuwa lamba, kuma dukkan awonsa da santimita ne. Bugunsa na baya-baya ya raba yanka gida biyu, mai bin jiki da shimfiɗaɗɗe marar dat, wannan na biyun kuwa shi ne mafi kusa da kaftani da jamfa, don haka telan maza zai fi cin moriyar na mazan, musamman a babin hannun riga da kwala da hantsar wando. Na biyu shi ne Patternmaking for Fashion Design na Helen Joseph-Armstrong, wadda ta koyar a birnin Los Angeles na Amurka. Ya fara fitowa a 1987, bugunsa na biyar ya haura shafi 800, awonsa da inci ne, kuma ƙarfinsa yana wajen bayanin yadda ake ɗauke dat daga wuri a kai shi wani ba tare da rigar ta daina zama a jiki ba. Mai ɗinkin mata zai samu abin da yake nema a cikinsa, sai dai yawansa kan karya gwiwar ɗan koyo. Akwai kuma tsohon littafin Natalie Bray, Dress Pattern Designing, na 1961, wanda salon rigunansa ya tsufa amma bayanin dalilansa bai tsufa ba. Shi kuwa Pattern Magic na Tomoko Nakamichi, wadda ta koyar a kwalejin Bunka ta Tokyo, wasan gwanaye ne, bai kamata ya zama littafin farko ga kowa ba.

Zaman bakin iyaka yana ƙara wani ma'auni da telan Legas ba zai damu da shi ba. Hanyar da ta tashi daga Jibiya ta bi ta Magama ta shiga Ɗan Isa har Maraɗi tana haɗa mutane masu harshe ɗaya da sutura ɗaya, amma awonsu biyu ne, domin a ɓangaren Najeriya tela da inci yake awo, a kuma sayar masa da yadi-yadi, atamfa turmi guda yadi 6, yayin da a Nijar santimita da mita suka fi zama a bakin wanda ya yi makaranta. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, yadi ɗaya kuma santimita 91.44, wato bai kai mita ba. Tef ɗin awo yana ɗauke da duka biyun, gaba da baya, don haka littafin santimita ba ya gagarar wanda ya saba da inci, muddin ya juya tef ɗin tun daga ɗaukar awo ya kuma tsaya a kansa har ƙarshe. Haɗarin yana wajen cakuɗawa: inda littafi ya ce a ƙara 2 yana nufin santimita, mai koyo ya ƙara inci 2, ya zuba fiye da santimita 5, kuma idan a kashi ɗaya cikin huɗu na rigar aka yi kuskuren, to ya ninka sau huɗu a jiki. A ganin masu koyarwa da dama santimita ta fi sauƙin lissafi, tun da raba 37 gida huɗu da ɗigo ya fi sauƙi a kan bin ƙananan gaɓoɓin inci. Wanda ya yi karatu da Faransanci kuwa yana da littattafan makarantar ESMOD ta Paris, wadda tela Alexis Lavigne ya kafa a 1841, da jerin Le modélisme de mode na Teresa Gilewska, kuma babu dalilin da zai sa ya wahalar da kansa da Turanci.

Jadawalin awon da ke farkon kowane littafi shi ne sashen da ya kamata a fi yi wa taka-tsantsan, domin an tsara shi ne daga jikin mutanen ƙasar marubucin, domin masana'antun da ke ɗinka dubban riguna ga mutanen da ba su taɓa gani ba. Telan Riko mutum ɗaya yake ɗinka wa, saboda haka littafin da zai yi masa amfani shi ne wanda ya nuna yadda ake zana taswira daga awon mutum guda. Haka nan sararin da littafin ya bari tsakanin jiki da tufa an auna shi ne da ɗabi'ar mutanen can, wanda a nan sau da yawa za a ce rigar ta matse, ga zafi, ga ruku'u da sujada. Sannan da yake mata da yawa ba sa tsayawa namiji ya auna su, sai dai su aiko da rigar da ta yi musu daidai a gwada da ita, babin da ya koyar da cire taswira daga ɗinkakkiyar riga ba tare da an farke ta ba yana da daraja a nan fiye da yadda marubutansa suka zata.

Kafin a biya kuɗi, shafi ɗaya ya isa gwaji, wato shafin ramin hammata da kan hannun riga, inda lanƙwasa biyu mabambanta dole su haɗu ba tare da tattara ba. Idan mai saye ya iya bin bayanin da fensir da rula har ya fitar da siffar, littafin ya dace da shi. Ya kuma duba ko zanen ya haɗa da alawus, wato rarar da ake bari domin ɗinki, domin wasu littattafan suna haɗawa, wasu kuma suna barin mai yanka ya ƙara da kansa, kuma rashin lura da wannan kan sa a ƙara sau biyu ko a manta gaba ɗaya. Tun da littattafan suna da tsada kuma sai an je Katsina ko Kano ko Zariya, yawancin abin da ke isa hannun ɗalibai kwafi ne ko hoto a waya, wanda sau da yawa ƙananan lambobinsa sun dushe ko wasu shafuka sun ɓace, ga shi kuma zanen da ke ciki dama an ƙanƙanta shi, ba a kwafe shi a ɗora a kan yadi, sai dai a sake zana shi da cikakken awo.

Littafi ɗaya da aka bi daga farko har ƙarshe ya fi uku da aka tsattsakura, domin kowane marubuci da tsarinsa, kuma hannun rigar Aldrich ba lalle ya shiga ramin hammatar Joseph-Armstrong ba. Kayan aikin ba su da yawa: takarda mai kauri, ko da ta buhun siminti ce da aka kakkaɓe aka goge, da doguwar rula, da fensir, da akoko ko wani yadi mai araha da za a fara ɗinka gwaji da shi kafin a taɓa shaddar mutane. Lokacin da ya dace da wannan karatu kuwa shi ne bayan Babbar Salla, sa'ad da aiki ya lafa a shaguna, domin a goman ƙarshe na azumi babu maigidan da zai bar yaronsa ya share teburin yanka ya shimfiɗa takarda.