Mangwaro Daban, Gwaiba Daban

Da aka dawo mana da takardun gwajin lissafi na makon jiya, da yawa daga cikinmu 'yan aji uku mun tarar da jan biro a wuri ɗaya. An ce mu sauƙaƙa x² + x³, muka rubuta x⁵, Malam ya soke. Tun da jarrabawar BECE na tafe, sai muka zauna muka binciko inda muka ɓata.

Mu fara da aike. A ce Inna ta aike mu Ƙofar Doka, muka sayo mangwaro 3 da gwaiba 2, da muka shigo birni muka ƙara mangwaro 4. In ta tambaye mu, cewa za mu yi mangwaro 7 ne da gwaiba 2. A aljebra ma haka ake rubutawa: 3m + 2g + 4m = 7m + 2g. Iri ɗaya kaɗai ake tarawa ko a ɗebe.

To, yaya ake gane iri ɗaya? Sai harafin ya zama ɗaya, kuma 'yar lambar da ke samansa, wadda muke kira fawa, ita ma ta zama ɗaya. Saboda haka 5x² + 2x² = 7x². Amma x² da x³ kamar mangwaro ne da gwaiba, sai a bar su yadda suke.

Fawa tana faɗa mana sau nawa harafi ya ninka kansa. x² shi ne x × x, x³ kuma x × x × x. Idan muka ninka su da juna, x biyar ne a jere, wato x² × x³ = x⁵. Nan ne ake tara fawa. Wajen rabawa kuwa ɗebe ta ake yi: x⁵ ÷ x² = x³. Ashe dokar ninkawa muka ɗauko muka kai gidan tarawa.

Ga dabarar da za ta cece mu a ɗakin jarrabawa. Kafin mu miƙa takarda, mu sa 3 a madadin x mu gani. x² + x³ zai ba mu 9 + 27, wato 36. Shi kuwa x⁵ 243 ne. Tun da ba su zo daidai ba, amsar ba ta yi ba. Kada mu gwada da 2 kawai, don wani lokaci tana ɓoye kuskure: 2 + 2 da 2 × 2 duk 4 ne.

Kalmar aljebra ta fito ne daga "al-jabr" ta Larabci, a sunan littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820. Shi da kalmomi zalla ya yi bayaninsa, babu x babu y. Mu da aka sauƙaƙa mana da haruffa ai bai kamata mu ji tsoro ba.

Ga na gwaji: 4a² + 3a − a² + 2a × a. Duk wanda ya samo amsa ya kawo wa ƙungiyar 'yan jarida kafin Juma'a, za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a wannan allo. Allah ya ba mu sa'a, amin.