Makarantar Ba Ta Fada Ba Ce: Shugabanci da Riƙon Amana a Makarantun Katolika

In ana hirar makarantun Katolika, abin da iyaye suka fi ambata shi ne tsanani: sistar da ba ta ɗaukar wargi, ko fadan da kan tsaya a bakin ƙofa da agogo a hannu yana jiran makararru. Daga nan sai a yanke hukuncin cewa nasarar makarantun ba ta wuce samun shugaba mai zafi ba. Alhali abin da ke riƙe da su daban ne. Shugaban, mai zafi ne ko mai sanyi, ba shi ne mai makarantar ba. Amana aka damƙa masa, kuma akwai wanda zai zaunar da shi ya nemi bayani.

A rubuce abin yake. Sashe na 806 na kundin dokokin cocin Katolika na 1983 ya ba bishop ikon sa ido da kai ziyarar duba makarantun yankinsa, har da waɗanda ƙungiyoyin sistoci suka kafa, ya kuma ɗora wa shugabanninsu nauyin tabbatar da cewa karatun bai gaza na sauran makarantun wurin ba. Sashe na 1284 ya nemi mai kula da dukiyar coci ya riƙe ta riƙon magidancin kirki: littafin shige da ficen kuɗi a tsare, takardun fili a adane. Na 1287 kuwa ya wajabta miƙa wa bishop rahoton kuɗi duk shekara a kan dukiyar da ke ƙarƙashinsa. Ke nan hedimastan da ya iya jawabi a taron iyaye amma rasidin siminti ya ɓace masa bai sauke nauyi ba.

Salon tafiyarwa kuma ba ɗaya ba ne. 'Yan ƙungiyar Jesuit, masu makarantar Loyola da aka buɗe a Abuja a 1996, sun gaji tsarin karatu na 1599 wanda ya fayyace aikin kowa dalla-dalla, daga shugaba har malamin aji. Don Bosco, wanda ya tara yaran titi a birnin Turin na Italiya kafin rasuwarsa a 1888, wata hanya ya bi: hankali, addini da tausasawa. A wurinsa malami ba ya tsugunawa a ofis lokacin tara. Yana fili tare da yara, ana guje-guje da shi, don ya tari ɓarna kafin ta auku, ya kauce wa duka. Hanyoyin biyu sun yi hannun riga, kowacce kuma ta yaye ɗalibai na gari.

Mai suka zai ce duk wannan zance ne na takarda, kuma yana da hujja mai nauyi. Rahoton Ryan da aka fitar a ƙasar Ayilan a 2009 ya tona shekaru masu yawa na duka da cin zarafin yara a makarantun kwana na gyaran tarbiyya da ƙungiyoyin coci suka gudanar. Ba a rasa dokoki a can ba, ba a rasa masu zafi ba. Sai dai bayani sama kawai yake hawa, daga ƙarami zuwa babba cikin gida ɗaya, kare sunan ƙungiya ya fi kukan yaro muhimmanci, masu duba na gwamnati ma suka yi sako-sako. Wannan bai rushe batun amana ba, iyakarsa ya nuna: in wanda ake ba bayani abokin rufin asiri ne, an yi ba a yi ba. Dole iyaye da hukumar gudanarwa su ma su ga littafin, su kuma samu bakin magana.

Nijeriya ta ɗanɗana ɗaya ɓangaren, wato makarantar da mai ita ya yi nisa. Bayan yaƙin basasa jihohi suka karɓe makarantun mishan; a Kaduna St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Queen Amina. Dalilan gwamnati na haɗa kan ƙasa da buɗe ƙofa ga kowa ba na banza ba ne, amma shugaban da sai ya rubuta wa ma'aikata wasiƙa kafin a gyara rufin aji ya zama ɗan jiran umarni. Legas ta mayar wa mishan wasu makarantu a 2001, Anambra ta bi sahu a 2011 zamanin Gwamna Peter Obi, ita kuma ta ci gaba da biyan albashin malamai.

Wannan sharaɗi na albashi shi ne ƙashin bayan maganar. A da sistoci da fadoji da dama na koyarwa kusan kyauta. Yau yawancin malaman masu iyali ne, kuma inda babu tallafi daga aljihun iyaye albashinsu ke fitowa. Duk ƙarin kuɗin makaranta na tankaɗe ɗan talaka waje, shi da aka kafa da yawa daga cikin makarantun dominsa, ga shi rashin ƙarin na kora ƙwararren malamin lissafi zuwa makarantar kuɗi ta gaba. Nan ne rahoton shekara ya kamata ya nuna wa bishop da iyaye yara nawa ke karatu da tallafi, da ranar da albashi ke shiga kowane wata.