Mishigan: Bukkar farauta da 'yan uwa ke haɗuwa a cikinta sau ɗaya a shekara

Ranar 15 ga Nuwamba ba ranar hutu ba ce a hukumance a Amurka, amma a arewacin jihar Mishigan wasu makarantu na rufe ƙofa, masu shaguna da dama kuma su liƙa takarda cewa sun shiga daji. Ita ce ranar da ake buɗe farautar barewa da bindiga, kuma zuwa 30 ga wata ake rufewa. Kwana 16 ke nan kacal.

Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, motoci ke yin jerin gwano daga Detroit da sauran biranen kudu zuwa arewa, ta kan gadar Mackinac mai tsawon kusan kilomita 8. An buɗe gadar a 1957. Kafin nan jirgin fito ke tsallakar da mutane, kuma maharba kan kwana a layi cikin mota suna jira. Inda suka dosa ɗan gidan katako ne a tsakiyar daji, wanda galibi kaka ko kakan-kaka ya gina. Ana iske murhun ƙarfe na itace, da gadaje masu hawa biyu, da banɗaki a waje. Wasu na da janareto, wasu har yau fitilar gas suke kunnawa. Wayar hannu kuwa, sai an hau tudu ake samun sabis.

Barewar da ake magana ba irin tamu ba ce. Ta fi girma, ƙasan wutsiyarta fari ne, namijin kuma na da ƙaho mai rassa da ke faɗuwa duk shekara ya sake tsirowa. Wannan ƙahon shi ne abin tinƙaho. A gaban kusan kowace bukka akwai gungume da aka gitta tsakanin bishiyoyi biyu, inda ake rataye abin da aka harbo domin sanyi ya kama naman, domin kuma mai wucewa ya gani.

Ana tashi tun kafin asuba. Doka ta yarda a fara harbi rabin awa kafin fitowar rana, a daina rabin awa bayan faɗuwarta. Kowa na da wurinsa: wani ɗan dandamali a kan bishiya, wani 'yar rumfa a gindin tudu, kuma sau da yawa wurin na ɗauke da sunan wanda ya fara zama a can, ko da ya rasu shekara talatin. Ba bin sawu da karnuka ake yi ba, domin jihar ta hana farautar barewa da kare. Zama ake yi shiru cikin dusar ƙanƙara, awa uku, awa biyar, wani lokacin har yini guda ba a ga ko wutsiya ba. Dole kowa ya sa riga ko hula mai ruwan lemo mai haske. Idon barewa ba ya bambance wannan launi sosai, amma ɗan uwanka mai bindiga zai hango ka daga nesa.

Da dare ake cika ɗakin. Akwai mai girki, akwai mai faskare, sabon shiga kuma shi ke ɗebo ruwa da wanke kwanuka. Ana karta, ana shan giya a bukkoki da yawa, ana maimaita labarin da kowa ya haddace game da ƙaton namijin da ya kuɓuce wa wane. Wasu iyalai na da littafi da suke rubuta abin da ya faru kowace shekara: waɗanda suka zo, yanayin sanyi, wa ya harba, wa ya yi kuskure. Ga wa da ƙane da aiki ya raba, ɗaya a Mishigan ɗaya a Texas, wannan makon ne kaɗai suke kwana ɗaki ɗaya. Da can harka ce ta maza zalla, yanzu mata da 'ya'ya mata na shiga.

Gwamnati ma na da ruwa da tsaki a wannan zama. A wajajen 1900 barewar ta kusa ƙarewa a Amurka saboda farautar kasuwa da saran daji, har an ƙiyasta saura ba su wuce rabin miliyan ba. Yau ana maganar kusan miliyan 30. Kuɗin da aka farfaɗo da ita daga aljihun maharba ya fito: kuɗin lasisi, da harajin kashi 11 cikin ɗari kan bindigogin farauta da harsashi, wanda dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware wa jihohi domin kula da namun daji. Ma'ana, in maharba suka ragu, kuɗin lasisin da hukumar albarkatun ƙasa ta jihar ke dogaro da shi ya ragu.

Kuma suna raguwa. A tsakiyar shekarun 1990 masu farautar barewa a Mishigan sun haura 800,000. Yanzu kusan 600,000 ne, da yawansu kuma furfura ta kama su. Matasa sun koma birni, hutun aiki ya yi kaɗan, wasu kuma ba su ga dalilin zama cikin sanyi don kashe dabba ba. Jihar ta cire ƙa'idar mafi ƙarancin shekaru ga yaron da ke tare da babba mai kula da shi, amma hakan bai cike giɓin ba.

A kudancin jihar barewa ta yi yawa har ta zama fitina: tana cinye masara da waken soya, kuma a faɗin jihar motoci sama da 50,000 ke karo da ita a shekara. Hukuma na roƙon maharba su riƙa harbin mata, tunda su ke haihuwa. A nan ne al'adar bukka ke cin karo da lissafin masana. Tsofaffi sun taso a zamanin da ake ganin harbin mace ɓarna ce, kuma a wasu bukkokin har yau abin kunya ne a rataye ta a gungume. A can arewa kuwa, inda tsofaffin bukkokin suke, kukan daban ne. Hunturu mai tsanani na kashe barewa, maharba kuma na ɗora laifin kan kyarketai, waɗanda dokar tarayya ta hana a taɓa.

Ga kuma cuta. A 2015 aka fara gano wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da barewa a dajin jihar, wadda ba ta da magani. Saboda ita aka hana zuba masara ko karas don jawo dabbar a duk yankin kudu da gadar, abin da ya fusata mutane da dama. Hukumomin lafiya na shawartar kada a ci naman wadda gwaji ya nuna tana ɗauke da cutar, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce ga gidan da ke cika firji da naman da zai kai su bazara.

Abin da ya fi kashe bukka, a ganina, rabon gado ne. Filin da mutum ɗaya ya saya ya zama na jikoki goma sha biyu, uku ke zuwa farauta, amma harajin fili na kan kowa. Sai wani ya ce a sayar. Wasu ma filin ba nasu ba ne tun asali. A gefen kogin Ontonagon, iyalai sun yi shekaru suna hayar fili daga wani kamfanin lantarki. A 1992 filin ya koma hannun hukumar gandun daji ta tarayya, aka ba su wa'adin shekara 25. Da wa'adin ya cika a farkon 2017, duk da roƙon da 'yan majalisar jihar suka yi, bukkoki kimanin ɗari aka ce masu su su kwashe. Wasu sun rushe nasu da hannunsu, wasu suka cire hotuna da ƙahonnin da ke bango suka cinna wa sauran wuta.